Ƙwaƙwalwa Za A Sauya Ko Kwamfutar Dungurungum? Lissafin Masu Shago A Tudun Wadar Gusau

Duk wanda ya taɓa bin layi a shagon buga takardu a Tudun Wadar Gusau, ranar da sakamakon JAMB ya fito ko lokacin da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau ke rububin haɗa kundin kammala karatu, ya san irin wannan jiran. Yaron shago ya danna fayil, 'yar alamar nan ta kama juyawa a fuskar kwamfuta, janareta na ruri a bakin ƙofa yana shan mai, mutum biyar na tsaye kowa da filash a hannu. Mai shago ya leƙo, ya girgiza kai, ya ce ta yi nauyi. Kafin a rufe shago an riga an yanke mata hukunci: ƙwaƙwalwarta ce ta tsufa.

Daga nan shawara kan rabu biyu. Wani ya ce a kai ta wurin injiniya ya cire ƙwaƙwalwar, wato furosesa, ya sa Core i7. Wani ya ce asarar kuɗi ce, a sayar da ita, a cika, a ɗauko wata. Shekarun baya ba a daɗe ana ja-in-ja a kan wannan, don kuskuren ba ya karya mutum. Amma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma babu ko ƙusa ɗaya a cikin akwatin kwamfuta da ba da dala aka shigo da ita ba. Mai shagon da ya sayi abin da ba shi ne maganin ciwon ba, ribar wata guda ko biyu ya zubar.

Na daɗe ina bibiyar wannan muhawara, kuma ga inda na tsaya: furosesa ita ce aka fi ɗora wa laifi, alhali sau da yawa ba ruwanta. Sunanta ne a manne a jikin na'ura, shi ne mai saye ke tambaya, shi ne mai sayarwa ke yi wa kirari. Shi ya sa da abu ya lalace, ita ake fara nunawa da yatsa.

Ina ciwon yake?

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A lokacin da kwamfutar ke cikin wannan nauyi nata, a danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai buɗe, ya nuna yawan aikin da kowane sashe ke ɗauke da shi. A tsofaffin na'urorin da suka cika shagunanmu, abin da aka fi gani shi ne furosesa na kan kashi 15 ko 20 cikin ɗari, tana zaman jira, faifan ajiya kuwa ya kafe a kan ɗari bisa ɗari. Kamar a ɗauko gwanin tela ne a zaunar da shi kan keke, sannan a bar yaro ɗaya yana kawo masa yadi ƙyalle-ƙyalle daga wata unguwa. Ko an canza telan da wanda ya fi shi sauri, ɗinki ba zai fita da wuri ba.

Tsohon faifan ajiya, wanda ake kira HDD, faranti ne da ke juyawa a zahiri, sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da allura da ke kai-komo a kansa tana neman bayanai. Na zamani, SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa. A wajen kwafar babban fayil, tsohon kan yi megabayit ɗari ko ɗari da 'yan kai a daƙiƙa, SSD mai sauƙin kuɗi kan kai ɗari biyar. Amma ba nan tazarar take ba. Windows kullum tana tsintar dubban ƙananan fayiloli ne a warwatse, kuma a irin wannan tsince-tsincen SSD ya ninka tsohon faifai sau gomomi. Kwamfutar da ke cin minti uku kafin ta gama farkawa tana iya dawowa ƙasa da rabin minti, furosesarta tana nan yadda take. Ban san wani gyara da ke biyan kuɗinsa kamar wannan ba.

Sai ram, wato teburin da na'ura ke baje aikin da take kai yanzu. Gigabayit huɗu ya isa a zamanin Windows 7. Yau mutum ya buɗe Chrome da shafuka goma, ga Word, ga CorelDRAW ana zana katin biki, huɗu ba ya kaiwa ko'ina. Takwas ne mafi ƙaranci, mai aikin zane kuma gara ya nemi sha shida in na'urar na ɗauka.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar mu, kuma littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da shi ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na cusa ƙura a kowace kafa. Ƙurar ta taru a bakin fanka ta zama kamar auduga. Maris da Afrilu su zo, zafin Gusau ya haura digiri 40, shago rufin kwano, ga firinta da injin fotokwafi na fitar da nasu hucin. An ƙera furosesa yadda in zafinta ya doshi digiri ɗari za ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Mai shago na ganin tsufa ne, alhali na'urar numfashi take nema. Buɗe ta, hure ƙura, goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, shafa sabo: aikin rabin sa'a ne. Na ga kwamfutocin da aka riga aka yi wa kuɗi za a sayar, aka yi musu wannan wankan, masu su suka fasa.

Gurbi ne ke da magana ta ƙarshe

To, a ce an yi duk wannan, kuma gwaji ya nuna lallai furosesar ce ke cika. Wannan kan faru da masu haɗa bidiyon biki da walima, da masu manyan zane na allunan talla, da ɗaliban da ke aiki da AutoCAD. A nan tambayar ta zama ta gaske, sai dai amsarta ba a aljihu take ba, tana kan madabod, babban allon da komai ke zaune a kansa.

A kwamfutar tebur, furosesa na zama ne a gurbi mai murfi da ɗan maƙulli, ana cirewa ana mayarwa. Amma kamfanin Intel na sauya fasalin gurbin kusan duk bayan zubi biyu na furosesa. LGA 1155 na zubi na biyu da na uku ne, na 2011 da 2012. LGA 1150 ya zo da zubi na huɗu a 2013. LGA 1151 ya ɗauki na shida da na bakwai, sannan aka ci gaba da kiran gurbin na takwas da na tara da wannan sunan, yawan ƙafafu ɗaya, amma furosesar zubi na takwas ba ta tashi a kan allon na shida ko na bakwai. Mutane da yawa sun yi asara a daidai wannan gaɓa: ta shiga daram, an kunna, shiru.

Ma'anar wannan ita ce sauya furosesa ba ya fitar da na'ura daga zamaninta, cikin gidansu kawai take canza ɗaki. Ɗauki Dell OptiPlex 7010, wadda ofisoshi da shaguna da yawa ke da ita. In da Core i3-3220 ta zo, mai ƙwayar lissafi biyu, ana iya sa mata i5-3470 mai huɗu, ko i7-3770. Daga i3 zuwa i5 ɗin nan ci gaba ne da ake ji a hannu, kuma da yake tsohon kaya ne kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Wannan sauyi ina goyon bayansa. Daga i5 zuwa i7 na zubi ɗaya kuwa, ga mai buga takardu, da wuya ya ga bambancin da ya kai kuɗin. Suna ya saya.

Kamfanin AMD ya yi wa masu saye adalci a nan. Gurbinsa na AM4, wanda ya fito a 2016, ya ɗauki Ryzen tun na farko na 2017 har zuwa jerin 5000 na 2020, muddin an sabunta manhajar allon. Wanda ke da irin wannan allo yana iya tsallake shekaru da furosesa ɗaya. Sai dai yawancin abin da ke iso mana kayan ofisoshin Turai da Amurka ne da suka gama wa'adinsu, HP da Dell da Lenovo, kuma Intel ce ta fi yawa a cikinsu.

A laftof maganar ta fi gajarta. Tsofaffin nan masu kauri, irin su HP EliteBook 8460p da 8470p, Dell Latitude E6420 da E6430, ThinkPad T420 da T430, akasarinsu furosesarsu a gurbi take. Daga zubi na biyar, wajen 2015, Intel ta koma liƙe ta a jikin allo gaba ɗaya. EliteBook 840 da 'yan uwanta sirara duk a liƙe suke. Wanda ya ce zai mayar maka da 840 G3 daga i5 zuwa i7, allon gaba ɗaya zai canza, kuma kuɗin allo da aiki kan kusanci rabin kuɗin wata na'urar. Ko a masu gurbin ma akwai tarko: laftof da aka yi wa fanka daidai furosesa mai wat 35, in aka sa mata mai wat 45, a zafin Afrilu za ta riƙa rage gudu, a koma gidan jiya.

Katangar 14 ga Oktoba

Da a ce gudu ne kaɗai abin dubawa, da na ce kowa ya sa SSD ya ci gaba da harkarsa. Amma ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta da ta saba, bayan shekara goma da fitowarta. Ta bar wata ƙofa ta ƙarin shekara guda ga waɗanda suka yi rajista, zuwa Oktoban 2026. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, ta zo da sharuɗɗa: guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen daga jerin 2000, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe.

A haɗa wannan da maganar gurbi, sai a ga inda gizo ke saƙa. OptiPlex 7010 ko an sa mata i7 mafi ƙarfi da allonta ke ɗauka, zubi na uku ce. Ko 7050 mai zubi na bakwai ba ta tsallaka ba. Babu furosesar da za a saya a sa wa waɗannan alluna ta ƙetare da su.

Masu gyara sun san hanyar zagayewa, da manhajoji irin su Rufus ana ɗora Windows 11 a kan na'urar da ba ta cika sharaɗi ba, kuma sau da yawa tana aiki lafiya. Microsoft dai ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin waɗannan na'urori gyara ba. Sigar 24H2 ma ta riga ta rufe ƙofa ga tsofaffi irin su Core 2 Duo, ko tashi ba ta yi a kansu.

Wani zai ce mene ne abin damuwa, ai Windows 10 ba ta daina kunnuwa ba. Gaskiya ne. Ga wanda ke buga wasiƙa da jadawalin makaranta ba tare da intanet ba, babu gaggawa. Amma a duba abin da ke ratsa kwamfutar shago a rana ɗaya: lambar NIN, takardun banki, sakamakon WAEC da NECO, hoton fasfo, kalmar sirrin imel ɗin wanda bai iya shiga da kansa ba. Amanar mutane ce. Filash ashirin na shiga na fita, kowanne da abin da ya kwaso daga wani shagon. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya da dama, ta bi ne ta ramin da Microsoft ta riga ta fitar da abin toshe shi wata biyu kafin nan, ba a ɗora ba. Na'urar da aka daina aiko wa gyara kwata-kwata, duk ramin da aka gano bayan nan a buɗe zai zauna.

Akwai Linux, irin su Ubuntu da Linux Mint, kyauta ne, ana ci gaba da sabunta su, kuma suna gudu da kyau a tsofaffin na'urori. Ga ɗakin kwamfuta na makaranta, ko ɗalibin da karatu da bincike ne gabansa, hanya ce mai kyau da ya kamata mu fi haka kula da ita. Ga mai zane kuwa da sauran rina a kaba, domin CorelDRAW, wadda ita ce garmar masu ɗab'i a ƙasar nan, ba a yi ta don Linux ba.

Lissafin da ake mantawa

Ba kasafai ake sa wuta a cikin wannan lissafi ba, kuma a ganina ita ce ke iya juya shi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta ninka sau da yawa, har ta haura dubu a ƙarshen 2024. Tsohuwar kwamfutar tebur mai i5-2400, furosesarta kaɗai an yi mata ma'aunin wat 95, ga allon kallo, kuma da an ɗauke wuta ta mutu da aikin da ke kanta sai in akwai UPS. Laftof mai i5-8350U ma'auninta wat 15 ne, da ƙwayar lissafi huɗu, ta fi waccan aiki, ga batir da ke riƙe ta. Ƙaramin sola da inbata sun ishe ta. Shagon da ke tayar da janareta don kwamfutar tebur biyu, ya zauna ya lissafa man wata shida, zai iya tarar da kuɗin wata na'urar a ciki. Firinta mai hoda da injin fotokwafi dai za su ci gaba da neman babbar wuta, amma ba sai an bar inji na ruri tun safe har dare saboda bugun rubutu ba.

Matsalar samun kayan gyara kuwa ta fi tsanani ga na wajen gari. Mai shago a Tsafe, kusa da ɗaliban Kwalejin Kimiyyar Lafiya, ko a Bungudu, in na'ura ta tsaya sai ya shigo Gusau. In kayan babu a Gusau sai an aiko daga Kano, ta Funtua, a kan hanyar da kowa ya san halin tsaron da take ciki. Furosesar da aka aiko ba ta dace da allo ba, mayar da ita wani mako ne, shago a rufe. Ga irin wannan mutum, na'urar da kayanta suka yawaita a kasuwa ta fi wadda ta fi ƙarfi amma babu mai irinta.

“Sabuwa” a wurinmu

In an ce a sayi wata, mu faɗi gaskiya, mafi yawanmu ta hannu muke nufi, wadda ta sauka a tashar jirgin ruwan Legas, ta bi ta Computer Village a Ikeja ko kasuwar Alaba, ta iso Kano, sannan ta iso mu. Ba aibu ba ne. Kwamfutar ofis ta hannu sau da yawa ta fi sabuwa mai araha ƙarko. Amma kayan gauraye ne. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da abokan aikinta a tashoshin Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Najeriya a shekara, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki ba sa aiki.

Babban makamin mai saye shi ne ya iya karanta lamba. “Core i7 ce, Alhaji” ba bayani ba ne. Lambar da ke biye ita ce shekarun haihuwa: a i7-3520M, ukun farko na nufin zubi na uku, na 2012. A i5-8350U, zubi na takwas. Daga na goma lambobi biyu ne a gaba, kamar i5-10210U. Kuma zubi na takwas ne ya kawo babban sauyi a siraran laftof, inda ƙwayar lissafi ta tashi daga biyu zuwa huɗu. Saboda haka i5-8350U ta fi i7-7600U aiki, ta kuma shiga Windows 11, waccan ba ta shiga ba. Wanda ya biya ƙarin kuɗi don ya ga i7 a jikin murfi, ya sayi ta baya da tsada.

Sunan samfuri ma ba ya isa. EliteBook 840 G5 da ThinkPad T480 an san su da zubi na takwas, amma akwai waɗanda aka fitar da furosesar zubi na bakwai a ciki. Takardar da ke manne a waje ana iya liƙa ta a kan komai. A kunna na'urar a gaban mai ita, a shiga a ga lambar da idanu. A duba ko BIOS ɗinta na kulle da kalmar sirrin kamfanin da ya yi amfani da ita. A cire caja a ga abin da batir zai yi. A tambayi kwana nawa garanti, a kuma sa a rubuta a rasit.

Ita kuma tsohuwar, ba lallai ta bar shago ba. Da SSD da ɗan ram tana iya zama ta bugun rubutu zalla, a raba ta da intanet, sabuwar ta riƙe aikin rajista da biyan kuɗi. In kuwa sayarwa za a yi, a cire faifan ajiya a riƙe, ko a goge shi gogewa ta gaske, domin abin da aka share da fomat na gaggawa ana iya dawo da shi, kuma takardun mutanen unguwa ne a ciki.

Wadda ta mutu murus kan ƙare a hannun 'yan gwangwan, su fasa, su cire tagulla da alminiyom, wani lokaci su ƙona wayoyi don su raba su da roba. Tsofaffin alluna da dalma aka liƙe su, kuma gilashin tsohon allon kallo mai ƙaton ƙeya cike yake da ita. Ba sai an yi wa Bazamfare dogon bayani a kan gubar dalma ba. A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, daga ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar kwamfuta ɗaya ba ta kai ko kusa da wancan ba, amma ita ce dai gubar, kuma yara ne ke tsugune a bakin bola suna fasa allunan da dutse, da hannun da za su ci tuwo da shi in an jima.